Ƙwan Kwaɗi a Kindirmon Habsatu

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Gazawa shekarun baya ya san furar Tani, ko da bai san fuskarta ba. Fura ce mai laushi da ta sha citta da kanumfari, har direbobin da ke bin hanyar Maradi sukan sayi curi su kai wa iyalansu. Da hannunta take surfe, ta daka, ta kirɓa, tun mijinta Labo yana da rai har bayan da ya rasu. 'Ya'yanta duk sun watse. Bubakar yana Agadas yana neman na kansa, matan suna gidajen mazajensu. Autarta Naja'atu ita ce ta yi karatu ta zama malamar lakol, wato makarantar boko, aka tura ta Sae Sabuwa, can ƙasar Gidan Rumji.

Nonon da ake dama furar da shi kuwa na Habsatu ne, wata Bafillatana da rugarsu take gabas da gari. Tun suna da goyo suka san juna. Kullum da hantsi Habsatu za ta shigo da ƙwarya a kai, ta sauke gindin darbejiyar tsakar gida, ta miƙe ƙafafu. Sai Tani ta ba ta curin fura ta dama da sauran kindirmonta, ta sha, su yi hira kafin ta shiga kasuwa. Hausarta ba ta gama nuna ba har ta tsufa, takan ce wa Tani "kai" ta ce wa Labo "ke", kuma ba wanda ya taɓa gyara mata. Lokacin da Tani ta yi jinyar nono bayan haihuwar Naja'atu, Habsatu ce ta riƙa goyon jaririyar tana ba ta madarar saniya da ludayi. Shi ya sa yarinyar ta tashi tana kiranta Goggo.

Ciwon a hankali ya shigo. Ƙishirwa ce ta fara, wadda randa guda ba ta kashewa, sai rama, sai jiri. Ran nan tana tsaye bakin turmi taɓarya ta suɓuce mata, ta zube ƙasa. Aka kira Naja'atu a waya, ta zo ta ɗauke ta zuwa asibiti a Maradi. Likita ya ce ciwon suga ne. Ya rubuta magani, sannan ya shiga lissafa abin da za ta bari: sukari, kunu mai zaƙi, lemun kwalba, fura, tuwo ma sai ɗan kaɗan.

Tani ta dube shi ta ce, "To ɗan nan, me ka bar mini? Ruwa?"

Likita ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Da suka dawo gida Naja'atu ta ciro wata leda daga jakarta. Wasu 'yan ƙwayoyi ne a ciki, baƙi-baƙi da toka-toka, kamar irin alayyafo. Ta ce a wurin wata mai kawo kaya daga Katsina ta saya, kuma ta tambayi likita ya ce babu laifi, yana riƙe ciki.

"Sunansa ciya, Inna."

"Ciyawa?"

"Ciya. Ba ciyawa ba."

"Duk ɗaya ne, Auta. An mai da ni akuya."

Bayan la'asar Naja'atu ta zaunar da ita ta nuna mata yadda ake yi. Ta zuba kindirmo a kofin silba, ta ɗan tsinka shi da ruwan randa, ta auna ciya cokali biyu ta zuba, ta juya sosai. Ta ce a bar shi ya ɗan huta a sake juyawa, in ba haka ba sai ya dunƙule a ƙasa. Ta rufe da faifai, ta tona jiƙaƙƙen yashin gindin randa ta kafa kofin a ciki.

"Shi ke nan, Inna. Ba wuta, ba daka. Ki haɗa da yamma, da safe kin samu abin karin kumallo. Sai ki yanka mangwaro kaɗan a kai."

Da gari ya waye Tani ta ɗaga faifan. Abin ya kumbura ya yi kauri, kowace ƙwaya ta yi wa kanta riga mai santsi. Ta daɗe tana kallo.

"Auta, wannan ai ƙwan kwaɗi ne. Irin na bakin tafki da damina."

Ta kai cokali ɗaya baki. Ba ɗaci, ba zaƙi, ba komai, sai santsi da ɗan tsamin nono. Ta haɗiye da ƙyar. Da ta ɗago ta ga idon Naja'atu ya ciko, sai ta sake kai wani cokalin.

"Inna, ki yi mini alkawari. Ba fura. Ko ludayi ɗaya."

"Na ji."

"Ki ce kin yi alkawari."

"Na yi alkawari, tsakanina da Allah."

Naja'atu ta koma bakin aikinta. Tani ta jingine taɓarya, don ba ta da ƙarfin kirɓi, kuma ba ta iya sayar wa mutane abin da ba ta ɗanɗana ba. Gidan da a da tun asubar fari ake jin daka ya yi tsit. Masu zuwa saye suka yi ta sallama ana ba su haƙuri, har suka daina zuwa. Habsatu kaɗai ba ta daina ba. Ta rage ƙwarya, ta koma kawo ɗan ƙoƙo, amma kullum tana tafe. Ranar da ta fara ganin abin cikin kofi ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce ko maraƙinta ba zai sha ba.

Tani dai mai dahuwa ce, hannunta ba ya iya barin abinci salam. Ta ɗauko ƙaramin turminta ta daka citta da kanumfari da 'yar kirfa, ta tankaɗe, ta riƙa barbaɗa ɗan kaɗan a cikin kindirmon tun da yamma, don ƙamshin ya kwana yana shiga. Ta gano in ta zuba ɗan garin 'ya'yan kuka tsamin yakan yi daɗi. Da mangwaro ya wuce ta koma gwaiba, tana cire 'ya'yan saboda haƙoranta. Habsatu takan tsinto mata kanya da magarya a hanyar ruga, ta ƙullo a bakin zane. A hankali abin ya zama abinci. Ba ta taɓa cewa tana sonsa ba, amma ta daina ɓata fuska, jirin ya ragu, har ta ɗan murmure. In Naja'atu ta kira takan ce, "Ƙwan kwaɗinki yana nan gindin randa, ya kwana lafiya."

Ita kuwa Habsatu, tunda ba fura a gidan, sai ta riƙa sayo curinta a hanya. Ta zauna gindin darbejiya ta dama, ta juya baya ta sha. Sau ɗaya tak ta taɓa miƙo ludayi.

"Kai ɗan taɓa, Tani. Kaɗan ba ya kashe mutum."

Ƙamshin gero ya bugi hancin Tani har yawunta ya tsinke. Ta kau da kai.

"Na yi wa Auta alkawari."

Habsatu ba ta ƙara yi mata tayi ba.

Shekara ta kusa zagayowa sai ido ya fara. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura. Daga nan ta fara ganin wasu baƙaƙen abubuwa suna yawo a gabanta kamar ƙudaje, ta kai hannu ta kore, babu komai. Sai fuskokin mutane suka zama kamar ana hango su ta cikin hayaƙin ɗanyen itace. Ta riƙa gane maƙwabta da murya da takun ƙafa. Wata rana ta zuba gishiri a kindirmo a zaton garin 'ya'yan kuka ne. Habsatu ta gani, sai ta fara dawowa da la'asar in ta tashi daga kasuwa. Ita ke auna ciyar, ta juya, ta jira ta sake juyawa, ta kafa kofin a yashi, sannan ta kama hanyar ruga.

"Kai gaya wa ɗiyarka," in ji ta.

"Suna jarrabawa. Bari a yi hutu."

"Ido ba ya san hutu."

"Habsatu, yarinyar nan ita kaɗai ke ɗauke da ni. In na faɗa mata yau, gobe za ta bar aji ta taho. A bari."

Gaskiyar magana tsoro take ji. Ta yi duk abin da aka ce, ta bar abin da ta fi so a duniya, ga shi kuma duhu yana matsowa. In ta faɗa da bakinta, gani take ya tabbata.

Naja'atu ba ta jira hutu ba. Wata maƙwabciya ce ta tsegunta mata a waya cewa an ga uwarta tana lalube a bakin ƙofa. Ta shigo gidan da hantsi ba sanarwa. A daidai lokacin Habsatu ta gama dama furarta, sai akuya ta tura kai cikin kwandon kayanta. Ta miƙa wa Tani ƙwaryar ta ce ta riƙe mata, ta tashi korar akuya. Abin da Naja'atu ta tarar ke nan: uwarta zaune da ƙwaryar fura a cinya, ludayi a ciki.

Tani ta ji an tsaya a kanta. Ta ɗaga kai, ta ga inuwar mutum, ta zaci maƙwabciyarta Shatu ce.

"Wace ce? Shatu, ke ce?"

Jakar Naja'atu ta faɗi ƙasa.

"Inna, ni ce ba ki gani ba?"

"Auta? Yaushe..."

"Mene ne wannan a hannunki?"

Ta fizge ƙwaryar, furar ta fantsama a zanen Tani. Muryarta tana hawa.

"Kullum ina kira, kullum kina ce mini lafiya lau. Ashe abin da ake yi ke nan! Ina can ina hana kaina barci, ina neman abin da zai tsare miki lafiya, ke kuma kina nan kina shan abin da zai kashe ki."

"Ban sha ba, Auta."

"Ga shi a cinyarki!"

"Na Habsatu ne. Riƙe mata na yi."

Naja'atu ta juya. Habsatu tana tsaye da igiyar akuya a hannu.

"Ke, Habsatu."

Tani ta ji sunan ya fito tsirara, babu Goggo a gabansa.

"Ke kika makantar da ita. Kin san an hana ta, kike shigo mata da shi har gida. Don kar cinikin nononki ya tsaya? Ki kwashe ƙoƙunanki. Kar in sake ganin ƙafarki a gidan nan."

Habsatu ba ta amsa ba. Mutanensu ba sa musu da yaro, ba sa kuka a gaban mutane. Ta ɗaure akuyar a turke, ta durƙusa ta ɗauki ƙwaryar da ta kife, ta kakkaɓe ƙasar jikinta, ta jera kayanta a kwando. Tani tana jin ƙarar ƙoƙuna suna haɗuwa. Ta so ta tashi ta riƙe ta, ta so ta daka wa Naja'atu tsawa irin ta da, amma kunya da baƙin ciki suka ɗaure mata harshe. 'Yar da ta haifa ta ƙaryata ta, kuma a gaban ƙawarta.

"Sai wata rana, Tani," in ji Habsatu.

Takunta ya bi zaure ya fita.

Washegari suka tafi Maradi. Likitan ido ya ɗiga mata magani, ya haska fitila, ya daɗe yana dubawa. Aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito ya kira su ciki. Ya ce jijiyoyin bayan idon sun lalace, kuma ba ɓarnar bana ba ce. Ciwon ya yi shekaru yana cinta kafin a gano shi. Na dama ya riga ya tafi, na hagu za a gwada a tsare ɗan abin da ya rage, amma kar su sa rai da yawa.

Naja'atu ta ce, "Likita, ba don tana karya doka ba ne? Tana shan fura."

Ya sake duba takardar gabansa.

"Jinin nan ba na mai karya doka ba ne. Wannan awon yana nuna watannin baya, ba na yau kaɗai ba. Mama tana kiyayewa, har ta fi yawancin masu zuwa nan. An dai makara ne."

Tani ta gyara mayafinta ta miƙe. Ba ta ji daɗin an wanke ta ba, gajiya kawai ta ji. A motar dawowa ta ji kafaɗar Naja'atu tana girgiza a jikin tata. Ta bar ta ta yi kukanta har suka wuce Agye, sannan ta ce, "Ki kai ni ruga."

Ba su samu zuwa da wuri ba. Sai da aka yi ta komawa asibiti ana yi wa idon hagu aiki, ga ruwan sama ya sauka, hanya ta ɓaci. Da aka samu sarari Naja'atu ta nemo amalanken jaki, ta ɗora uwarta suka nufi gabas. Tani ta san hanyar da hanci. Ta jira warin kashin shanu da hayaƙin ruga, ta jira haushin karnuka. Ba ta ji ko ɗaya ba, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙarar hauya.

Wani manomi mai suna Cindo ya bar noma ya zo ya gaishe su. Ya ce ai Fulanin sun tashi tun ruwan farko, sun yi arewa wajen Dakoro. Da can samari ke tafiya da shanu a bar tsofaffi, amma bana duk suka kwashe, har bukkoki. Gonaki sun cinye makiyaya, hanyar shanu ta matse, kullum rigima. Ya ji suna cewa ba lalle su dawo ba.

"Tsohuwar fa, Habsatu?" in ji Tani.

"Da ita aka tafi. A kan jaki na gan ta."

"Ba ta bar saƙo ba?"

"Wallahi Inna, ban ji ba."

Da hutu ya ƙare Naja'atu ta ce ba za ta bar ta ita kaɗai ba. Aka ba Shatu maƙwabciya riƙon akuya, aka sa wa gidan Gazawa kwaɗo. Tani ta koma Sae Sabuwa, ɗaki ɗaya da rumfa a bayan lakol. Ba ta san kowa ba. Mutanen kirki ne, suna leƙowa su gaishe ta da irin Hausarsu ta Gobir, amma gaisuwa ce kawai. Tun safe har azahar tana zaune a tabarma tana jin yara suna maimaita karatu da Faransanci. Idon hagu ya rage mata bambancin rana da inuwa, daga baya shi ma ya dushe.

Naja'atu ta ci gaba da haɗa mata ciya kowace yamma, da madarar gari, don ba ta yarda da nonon kasuwar ba. Tana sa citta da kanumfari yadda uwar ta koya mata, tana yanka ayaba ko gwanda in an samu. Tani tana shanyewa tas. Yarinyar ta zama mai yawan hidima da ƙarancin magana. Sau da yawa takan zauna kusa da ita kamar za ta ce wani abu, sai ta tashi ta ɗauki tsintsiya.

Bayan girbi aka ce makiyaya sun fara gangarowa, ana ganinsu a kasuwar Cadakori. Naja'atu ta hau kabu-kabu ta tafi, ta bi turakun dabbobi tana tambaya. Zuwan farko ba ta dace ba. A na biyu ta gamu da Jibrilla, ɗan Habsatu, ya kawo bijimi sayarwa. Ya ce tsohuwa tana da rai, amma ƙafafu sun gaza, an bar ta can arewa wurin ƙanwarsa, kuma ba za ta sake yin doguwar tafiya ba. Ya ba ta lambar mijin ƙanwar, ya ce sai an hau tudu ake samunsu.

An yi ta kira ba ya shiga. Ran wata Juma'a da la'asar ya shiga. Aka yi ta miƙa waya daga hannu zuwa hannu, ana jin iska da kukan tumaki, sannan wata siririyar murya ta ce, "Wa ke nan?"

"Habsatu, ni ce. Tani."



"Tani. Kai lafiya? Ina gida? Ina yara?"

"Lafiya lau. Ina ƙafa?"

"Da godiya. Ina ido?"

"Ya tafi, Habsatu."

"Allah ya sa kaffara ne."

Suka yi ta gaisuwa, ta shanu, ta ruwa, ta jikoki. Tani tana da magana cike da baki, amma duk wadda ta ɗauko sai ta ji ba ta waya ba ce, ta zama ce gindin bishiya, ƙafa a miƙe. Naja'atu ta durƙusa ta karɓi wayar da hannu biyu.

"Goggo, ni ce Naja'atu. Goggo, na zalunce ki. Likita ya ce ba fura ba ce. Don Allah ki yafe mini."

"Ba komai, malama," in ji Habsatu. "Allah ya yafe mu duka."

Ba ta taɓa kiranta malama ba. Tani ta san muryar, ita ce wadda Habsatu ke yi wa baƙin masu sayen nono a kasuwa, mai ladabi, mai nisa. Naja'atu ta buɗe baki za ta ƙara magana, layin ya tsinke. Ta sake kira, ta sake, bai shiga ba.

Ta zauna a ƙasa da wayar a cinya.

"Inna, ta ce ta yafe."

"Na ji."

"Kina ganin ta yafe?"

Tani ta lalubo kan 'yarta, ta gyara mata ɗankwalin da ya zame. Yaran lakol sun tashi, filin ya yi shiru, iska ta fara sanyi.

"Kama ni mu shiga ciki," in ji ta. "Bayana ya gaji."